Tambaya da Amsa: Rumfar yadi ta tagar jirgin ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne nan Mabera cikin Sakkwato, aikina ɗunkin labule da rigar kujera da tamfol na Keke Napep. Ƙanena shina aiki Legas wajen wani mai jirgin ruwa irin wanga da iska ka turawa, mai dogon ƙyalle bisa, to akwai ɗaki cikinai kuma tagogin bisa rufi suke ana ɗaga su, in rana ta buɗe ciki ba shi zamnuwa don zahi. Shi ne yac ce in ɗunka mishi abin tare rana in aika. Ni ko jirgin da na sani bai wuce kwalekwalen Goronyo ba. Dan Allah mi za ni yi, wane yadi yad dace?
Tela, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam Malam tela, Allah ya yi wa sana'a albarka. Toh wanda ya iya tamfol ɗin Napep wannan ba zai gagare shi ba, sai dai ka cire Sakkwato daga ranka tukuna, nan zafinmu busasshe ne ko da ya haura digiri 40 a watan Afrilu, can kuwa Legas iskar jiƙe take ga gishirin teku ga ruwan sama kamar ba gobe musamman a watan Yuni. Yadin auduga in ka kai shi can fumfuna zai yi ya ruɓe, kar ma ka fara. Abin da masu jirgi suka fi amfani da shi yadin akirilik ne mai kauri, wato na zaren roba, sanannen shi ana kiransa Sunbrella, ba ya saurin koɗewa kuma iska na ratsa shi. In ya yi tsada ko bai samu ba a nemi poliyesta mai kauri irin na rumfa, fari ko ruwan madara, ban da baƙi. Shi ƙanen naka ya duba can Legas ya aiko maka zai fi sauƙi.

Inda mutane suke kuskure shi ne su shimfiɗa yadin kai tsaye a kan tagar. Eh zai rage haske, zai kuma kare robar don yawancin tagogin nan roba ce mai kama da gilashi wadda rana ke sa ta tsattsage a hankali, amma fa iska ba ta shiga, zafin na nan. A ɗaga shi sama a bar fili tsakani, kamar rumfar gaban shago, ta yadda za a buɗe tagar a ƙarƙashinta iska na kaɗawa inuwa kuma na nan.

Awo kuwa kar ka yarda da "kusan kaza" a waya. Ya sa tef ya auna tsawo da faɗi, ya ɗaga tagar iya ɗaguwarta ya auna tsayin, ya ɗauko hoto ya turo ta WhatsApp har da wuraren da za a iya ɗaura igiya. Sai ka ƙara kamar inci 6 zuwa 8 kowane gefe saboda ranar yamma ta gefe take shigowa, da kuma rarar kalmasa. Ka kalmasa bakin sau biyu, kusurwoyi huɗun ka ninka musu ƙarin ƙyalle don a nan iska ke fara yagawa. Zare na poliyesta, allura mai kauri lamba 18, ɗinkin ya zama mai tsawo kar ka matse shi. Bakin da ka yanka ka bi shi da wuƙa mai zafi ya narke ya daina zarewa.

Zoben nan na bakin tamfol da ake zura igiya, na tagulla ko sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, za ka sa, na ƙarfen banza tsatsa zai yi ya ɓata yadin da jikin jirgin mutane, ƙanenka ya sha faɗa. Wajen ɗauri gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi kaɗan ruwa ya riƙa gangarewa kar ya taru a tsakiya.

Ka ja masa kunne a kan abu ɗaya, tagar nan ita ce hanyar tsira in wuta ta tashi ko ruwa ya shigo, saboda haka igiya ko ɗaya kar ta bi ta kan murfin tagar, kuma in za su tashi tafiya ko hadari ya haɗo ya kwance rumfar ya naɗe. Ka fara ɗinka guda ɗaya da tsohon buhu ko ragowar yadi ka ba direba ya kai masa ya gwada, in ta zauna sannan ka sa almakashi a yadin kuɗi.