Ɗalibin Likitanci Zai Iya Koyon Aiki a Jikin Mutum-mutumi?

Tambaya: Likita, 'yata tana aji huɗu a karatun likitanci, ta kuma shaida mini cewa suna shafe sa'o'i suna gwaji a kan mutum-mutumin roba. Anya wanda ya koyi aiki a jikin roba zai iya duba ɗan Adam?

Amsa: Malam, wannan hanya ta daɗe. Tun a ƙarni na 18 wata ungozoma a Faransa, Madam du Coudray, take koyar da karɓar haihuwa da mutum-mutumin da aka ɗinka da ƙyalle da fata. A 1960 Asmund Laerdal na ƙasar Norway ya fitar da wani mutum-mutumi mai suna Resusci Anne domin koyar da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, sannan a 1963 Howard Barrows ya fara horar da lafiyayyun mutane a Amurka su yi kwaikwayon majiyyata.

Dalilin yin haka shi ne, hannu ba ya ƙwarewa sai da maimaici, majiyyaci kuwa bai zo asibiti don a maimaita kuskure a jikinsa ba. Ɗauki misalin danna ƙirjin babban mutum idan zuciya ta tsaya: ana so a danna sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, a kuma ba da numfashi biyu bayan kowane dannawa 30. Ɗaliba za ta iya haddace waɗannan alƙaluma a dare ɗaya, amma ba za ta san yadda kafaɗa ke gajiya har dannawar ta yi rauni ba sai ta durƙusa ta yi, na'ura tana nuna mata inda ta gaza. Haka batun yake wajen neman jijiya, ɗinkin rauni da sanya bututun numfashi.

A ganina, mafi amfani a cikin horon shi ne zaman bitar da ake yi bayan an kammala. Malami zai tambayi ɗalibai abin da suka gani, me ya sa suka jinkirta kiran taimako, wa ya ba da umarni kuma wa ya ji shi. Na sha ganin an sayi mutum-mutumi mai tsada wanda ke numfashi yana ƙifta ido, amma da yake babu malamin da ya iya jagorantar wannan bita, ɗaliban ba su ƙaru da komai ba. Hannun roba mai araha tare da malami mai haƙuri ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sai dai damuwarka tana da tushe. Roba ba ta jin tsoro, ba ta ɓoye tarihin ciwonta, jijiyarta kuma ba ta ɓacewa kamar ta yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki. Shi ya sa wannan horo share fage ne kawai, kuma dole 'yarka ta shiga ɗakunan majiyyata ƙarƙashin kulawar manyanta kafin a ba ta lasisin aiki.