Hajiya, kada a raina karatun gwaje-gwajen asibiti

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki: yarinya ta ci shahada Sudaniyya, jarrabawar kammala sakandare ta Sudan, amma makinta bai kai na likitanci ba, kin rasa ko ta sake zama jarrabawa ko ta karɓi gurbin mukhtabarat, wato kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Shi na karanta, da shi nake riƙe da iyalina a nan Gadarif.

In ita da kanta ta ƙwallafa rai sai likita, kuma abin da ya rage mata kaɗan ne, a bar ta ta sake. Amma in don gudun bakin dangi ne, wai 'yar wance ta zama dakta, to don Allah kada a ɓata mata shekara.

Mutanenmu sun ɗauka mai gwaji yaron likita ne, abin yana yi mini ciwo. Digiri ne cikakke na shekara huɗu ko biyar, gwargwadon jami'a. Daga baya ɗalibi ya zaɓi reshe: ilimin jini, ƙwayoyin cuta, sinadaran jiki, nazarin tsoka, ko tsutsotsi da ƙwarin da ke yaɗa cuta. Wannan na ƙarshe ƙasarmu ba ta rabo da buƙatarsa. Ga zazzaɓin cizon sauro kowace damina, ga tsargiya a magudanan ruwan Jazira, ga kala-azar a yankinmu, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa a dajin aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa.

Sai a kawo yaro daga ƙauye, makonni yana zazzaɓi, ya rame, saifa ta kumbura, an ɗura masa maganin maleriya har an gaji. Ka ɗebo ɗigon ruwa daga kaluluwarsa da allura, ka shafa a gilashi, ka rina da rinin gwaji da ake kira Giemsa, ka duƙa a kan madubin likita har wuya ya ƙage. Can sai ka hango 'yan ɗigogin ƙwayar cutar kala-azar cunkushe cikin ƙwayar halitta. Daga wannan lokacin ne likita zai san abin da zai rubuta. Ido ne ke wannan aiki, kuma ido ba ya ƙwarewa ta waya.

Nan ne nake so ki fi sa hankali. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, jami'o'in Khartum da yawa, daga baya har da na Madani, suka koma karatu ta intanet ko suka buɗe cibiyoyi a wasu garuruwa. Jami'ar Khartum, wadda makarantar likitancinta ta faro tun 1924, da Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975, sunansu ya kafu. Amma yanzu suna kaɗai bai isa ba. Ki tambaya: a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki bana? Mutum nawa ke layi a kan madubi ɗaya? Ɗaliban ajin ƙarshe za ki tambaya, su ne ba za su ɓoye miki ba. Makarantar kuɗi kuwa, a fara tabbatar da cewa ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da shirin.

Ta dage da Turanci tun yanzu, littattafan da sunayen gwaje-gwajen duk da shi suke.

Bayan digiri sai ta yi rajista da majalisar ma'aikatan lafiya kafin ta kama aiki. In Saudiyya take hange, za a tantance takardunta, ta kuma zauna jarrabawar hukumar lafiyarsu. Najeriya ma majalisar masu gwaji tana da tata jarrabawar ga wanda ya yi karatu a waje.

In kuna kusa, Hajiya, ki turo ta ta wuni da mu a ɗakin gwaji. Ta ga jini da fitsari da bayan gida da idonta, ta ji ko zuciyarta za ta ɗauka, kafin a cike takardar zaɓin jami'a. Allah Ya zaɓa mata mafi alheri.