Kafin ka zuba riyal ɗinka a shuɗin haidirojin

Wani ɗan kasuwa mai shagon bututu da kayan famfo a Jidda ya rubuto mana cewa an kawo masa tayin sa riyal dubu 200 a wata "ƙaramar masana'antar shuɗin haidirojin", da alƙawarin riba duk wata tun daga wata na uku. Yana tambaya ko ya shiga.

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Harkar kanta gaskiya ce, Saudiyya ma na cikin masu zawarcinta, amma "ƙarama" da "riba a wata na uku" ba sa tafiya da ita.

Shuɗin haidirojin makamashi ne da ake fitarwa daga iskar gas, tare da kama kabon dayoksaid ɗin da aikin ke haifarwa kada ya shiga sararin sama. Ga yadda ake aikin. Ana fara tace farar wuta daga iskar gas, domin ɗan kaɗan daga cikinta kan kashe ƙwayoyin ƙarfen nikel da ke hanzarta aikin. Sai a gauraya gas ɗin da tururi, kusan kashi uku na tururi ga kashi ɗaya na kabon da ke cikin gas ɗin, a tura cikin dogayen bututu cike da nikel a tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 900, inda yake rikiɗa zuwa haidirojin da kabon monoksaid. Idan tururin ya gaza, baƙin kabon ya lulluɓe nikel ɗin, bututun ya yi jajawur a wuri guda, ya kumbura, ya tsage. Daga nan a ƙara bi da iskar ta wani mataki da ke mayar da kabon monoksaid zuwa kabon dayoksaid, sannan a tace haidirojin. Kowane kilo ɗaya na haidirojin yana cin kilo uku da ɗoriya na gas, yana kuma fitar da kilo 9 zuwa 10 na kabon dayoksaid.

Kama wannan kabon ne ke sa a kira shi shuɗi, kuma a nan kuɗi ke narkewa. Hanya biyu yake fitowa. Wanda ke cikin layin aiki yana da kauri da matsi, kama shi da ruwan amin (wani sinadari mai tsotse kabon dayoksaid) bai da wuya, sai dai bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 ba. Ragowar na fita ta bututun hayaƙin tanderu, a tsinke, gauraye da naitirojin. Kafin a kai kashi 90 sai an gina manyan hasumiyoyi, an kuma ƙone ƙarin gas don dafa amin ɗin ya saki abin da ya kama. Bayan haka a busar da shi, domin idan ya haɗu da ruwa yakan ci ƙarfe, a matse shi, a tura ta bututu zuwa ƙarƙashin ƙasa. Aramco, kamfanin man fetur na Saudiyya, na yin haka a filin mai na Usmaniyya tun 2015, da kusan tan dubu 800 a shekara daga masana'antar gas ta Hawiya, cibiyar da ta tsara a Jubail kuwa ta tan miliyan 9 ce a shekara.

Babbar matsalar ma mai saye ce. A 2020 Aramco da SABIC, kamfanin sinadarai na Saudiyya, sun aika tan 40 na shuɗiyar amoniya, wadda ake haɗawa daga shuɗin haidirojin, zuwa Japan a matsayin gwaji. A 2023 kuma shugaban Aramco, Amin Nasir, ya ce farashin shuɗin haidirojin na iya kai kwatankwacin dala 250 na gangar mai, kuma samun masu sa hannu a kwangilar saye na dogon zango ya yi wuya. Idan mai rijiyar gas da kansa na neman mai saye, wa zai saya daga hannun mutanenka?

Ka tambaye su wa ya ba su kason gas da izinin Ma'aikatar Makamashi, ina kabon zai tafi, kuma ina kwangilar mai saye a rubuce. Ka nemi lambar sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, ka duba ta da kanka, ka kuma duba ko Hukumar Kasuwar Jari ta ba su lasisin tara kuɗin jama'a. Idan aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko a rubuta hannun jarinka da sunan wani, tashi ka bar wurin. Wannan na iya jefa ka cikin laifin tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan wani, kai da iƙamarka, wato takardar zamanka.

Ƙofar da ta dace da kai tana cikin sana'arka. Masana'antun da ke aiki da haidirojin a Jubail da Yanbu kullum suna canza bawul, gasket, matatai da ma'aunin matsi. Amma kayan famfon gida ba sa shiga can: haidirojin mai zafi da matsi na ratsa ƙarfen gama-gari ya raunana shi, don haka kowane yanki sai da takardar shaidar ƙarfensa daga masana'anta. Fara da ƴan kwangilar gyara, ba da Aramco kai tsaye ba, ka kuma ware jarin da zai jure jiran biya na wata biyu ko uku. Idan kuma rabo kawai kake so ba tare da wahala ba, Aramco da SABIC suna kan Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya, kana iya sayen hannun jarinsu ta dillali mai lasisi, da sanin cewa haidirojin ɗan ƙaramin yanki ne na kasuwancinsu a yanzu.