Kwana biyar ko kwana takwas: shirin hawan Kilimanjaro

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni da wani abokina mun ƙudiri aniyar hawan Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya nan da wata biyar, in Allah ya yarda. Shekaruna 42, kuma nakan yi gudu sau uku a mako. Kamfanin ja-gorancin da muka tuntuɓa ya ba mu zaɓi biyu: hanyar Marangu ta kwana 5, wadda ta fi araha, ko hanyar Lemosho ta kwana 8. Tun da jikina da ƙwari, ina ganin gajeriyar ta ishe ni. Ko akwai matsala? Kuma wane shiri ya kamata in fara tun yanzu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki ta kwana 8. In kuɗin bai kai ba, gara ku ɗage tafiyar ku ƙara tari da ku rage kwanaki, domin abin da yake mayar da mutane daga wannan dutse ƙarancin iska ne, kuma gudun safe ba ya maganinsa.

Ƙololuwar dutsen, wadda ake kira Uhuru, tana da tsayin mita 5,895. Kason oksijin a cikin iska a can daidai yake da na bakin teku, kashi 21 cikin ɗari, amma nauyin iskar ya ragu zuwa kusan rabi, don haka kowane numfashi kusan rabin oksijin ɗin da ka saba samu yake kawo maka. Jiki yana iya sabawa: numfashi ya ƙara sauri da zurfi, ƙoda ta daidaita sinadaran jini ta hanyar fitsari don numfashin ya ɗore. Wannan aiki kwanaki yake ci, kuma ƙarfin tsoka ba ya gaggauta shi. Sau da yawa ma masu ƙarfin ne suke fara kwantawa, saboda ƙafarsu tana kai su sama kafin jininsu ya shirya.

Ƙa'idar da likitocin tsaunuka suka tsayar ita ce: da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana 3 ko 4. To duba Marangu ta kwana 5. Daren farko a Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu a Horombo, wajen 3,700. Na uku a Kibo, wajen 4,700, kuma a wannan daren za a tashe ka a nufi ƙololuwa. Mita dubu ke nan kowane dare, ninki biyu na ƙa'ida. A Lemosho kuwa za ka kwana huɗu tsakanin mita 3,500 da 4,000. A ɗaya daga cikin ranakun ana hawa har Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana, sannan a gangara Barranco a kwana ƙasa da mita 4,000. Wannan hawan da rana da saukowa a kwana shi ne yake horar da jiki. Ita ma Lemosho ba ta cika ƙa'idar ɗari bisa ɗari ba, amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Ka san alamomin ciwon tsauni tun kafin ka tashi, kai da abokinka, don kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido. Mai sauƙin yakan zo sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isa sabon zango: ciwon kai, tare da tashin zuciya, ko jiri, ko kasala, ko rashin son abinci. Wanda ya ji haka ba ya ƙara hawa sai ya warware. Ya sha maganin ciwon kai, ya huta, in bai ji sauƙi ba ya sauka. Masu kisa guda biyu ne. Na farko ruwa ne yake taruwa a huhu: mutum yana haki alhali yana zaune, ga tari, daga baya kaki mai kumfa, wani lokaci da jini-jini, leɓɓa su canza launi. Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa ne: tangaɗi, ruɗewa, magana ba kan gado, barci mai nauyi. Gwajinsa a sa mutum ya bi miƙaƙƙen layi yana ɗora dunduniya a gaban yatsun ɗaya ƙafar. In ya kasa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, kuma ba shi kaɗai ba. Saukar mita 500 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi sosai. Oksijin na kwalba da magunguna irin su dexamethasone da nifedipine suna taimakawa a kan hanyar sauka, ba su zama dalilin ci gaba da zama a sama ba.

Muna roƙonka da abu ɗaya: kada ka ɓoye wa ja-gora ciwon kai don tsoron ya mayar da kai. Yakan auna oksijin ɗin jini da ƙaramar na'ura a yatsa safe da yamma, amma na'urar takan yi kuskure in yatsa ya yi sanyi, kuma ba ta san abin da kake ji ba sai ka faɗa.

Ka ga likita aƙalla wata biyu kafin tafiya. A duba hawan jini, zuciya da huhu, kuma lallai a duba rukunin jininka na sikila. Mai SS wannan tafiya ba tasa ba ce. Mai AS, ko da bai taɓa jin komai ba, yana iya samun toshewar jini a saifa idan oksijin ya yi ƙaranci, alamarta ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan magana ce da za ku zauna ku yi da likita kafin ka biya kuɗin kamfani. Ka tambaye shi kuma batun acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox. Don rigakafi ana shan miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana gaggauta sabawar jiki ta hanyar sa numfashi ya ƙaru. Yana kawo yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma wanda magungunan sulfa suka taɓa yi wa illa sai ya sanar da likita. Ka gwada shi a gida na kwana biyu don ka san yadda yake maka. Maganin barci kuwa ka bar shi, yana rage numfashi da dare. Tanzaniya tana neman katin rigakafin cutar shawara daga wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar, kuma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Akwai sauro a garuruwan gindin dutsen irin su Moshi, don haka maganin rigakafin zazzaɓi ma yana cikin lissafi.

Gudunka yana da amfani, ka ci gaba, amma ka ƙara doguwar tafiya. Sau ɗaya a mako ka ɗauki jaka mai nauyin kilo 6 zuwa 8 ka yi tafiyar sa'o'i biyu, kana ƙarawa har ta kai shida ko bakwai, a kan tudu in akwai, ko matakalar bene. A wata biyun ƙarshe ka riƙa yin kwana biyu a jere, don ƙafa ta saba tashi da gajiyar jiya. Ka ba saukowa muhimmanci, ita ce take cin gwiwa. Kwana goman ƙarshe ka sassauta.

Takalmi ka saya yanzu, mai kama idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai sarari a gaban yatsu, kuma duk atisayen da shi za ka yi. Sabon takalmi bororo yake kawowa tun rana ta biyu, matsattse kuma farce yake cirewa wajen gangara. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita dubu, za ka fara a daji mai ɗumi da laima ka ƙare a wurin da sanyi kan kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili in iska ta taso. Shi ya sa ake sa kaya hawa-hawa: na jikin fata na ulu ko na roba, na tsakiya mai riƙe ɗumi, babbar rigar sanyi, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta shiga, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Sai jakar barci mai jure aƙalla digiri 10 ƙasa da sifili, safar hannu biyu, hular sanyi, tabarau mai tare hasken rana, man kare fata, sandunan tafiya da fitilar goshi da ƙarin batir. Babbar jakarka 'yan dako ne za su ɗauka, kuma yawancin kamfanoni sun ƙayyade ta a kilo 15.

Kafin ka biya, ka tambayi kamfanin ja-gora nawa za su raka mutum nawa, domin in ɗayanku ya juya dole a sami mai raka shi ba tare da an bar ɗayan ba. Ka tambayi ko suna ɗaukar oksijin na gaggawa, da horon agajin da ja-gororinsu suka samu, da yadda suke biyan 'yan dako da ciyar da su. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas galibi daga haƙƙin waɗannan bayin Allah aka yanke shi, kuma tukwicinsu ka ware shi daban tun daga gida. Inshora ka karanta ta da kyau: da yawa suna tsayawa a wani tsayi da bai kai na dutsen ba. Taka ta ambaci tafiya har mita 6,000 da ɗauko majiyyaci da jirgi mai saukar ungulu. Lokacin rani a can Janairu zuwa farkon Maris ne, da Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu ruwa ne da taɓo.

Daren ƙololuwa ake tashi daga zangon Barafu na hanyar Lemosho, wajen mita 4,650, da misalin sha biyun dare. Hawan mita 1,200 ne cikin duhu a kan tsakuwa, sa'o'i 6 zuwa 8, sannan a gangaro har Mweka, wajen mita 3,100, duk a rana ɗaya. Ka cika gorarka da ruwan ɗumi, ka sa ta cikin safa ka kifa ta kai a ƙasa, tun da daga sama ruwa yake fara daskarewa. Siririn tiyon jakar ruwa kuwa yakan toshe da ƙanƙara. Ka sa abin ci mai zaƙi a aljihun ciki, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan ko ba ka so. Kai da abokinka ku yi yarjejeniya tun a ƙasa cewa duk wanda ja-gora ya ce ya juya, zai juya ba gardama.