Tambaya da Amsa: Ɗakina Na Warin Danshi, Yara Na Ta Tari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. A ƙauye muke zaune kuma wajenmu akwai laima sosai ga ruwan sama kusan kullum, ɗakin kwananmu sai warin danshi, bangon ta ƙasa duk ya yi baƙi-baƙi, takalma da jaka ma har fumfuna suke yi. Yarana biyu kullum cikin tari da mura, ƙaramin in dare ya yi har ƙirjinsa ke ƙara. Ina fesa turare, ina rufe taga saboda sanyi da sauro, in ana ruwa kuma a ɗaki nake girki. Ya zan yi?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Kafin komai, ƙaramin nan a kai shi asibiti a duba shi, ƙirji mai ƙara da dare yana iya zama asma, in kuma kin ga yana numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki to kar a jira gari ya waye, alamar nimoniya ce, wato ciwon huhu.

Toh sai maganar ɗakin. Abu biyu ne suka haɗe miki, ruwa da hayaƙi, kuma turaren da kike fesawa ba ya taɓa ko ɗaya, rufe warin kawai yake yi, wani lokacin ma shi ke tada tarin.

Girki a ɗaki shi ya fi tada min hankali wallahi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum wajen miliyan 3.2, sama da 237,000 a cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir ne kan gaba. Ɓurɓushin da ke cikin hayaƙin ƙanana ne sosai, hanci ba ya iya tare su, can cikin huhu suke wucewa, yaro kuma ya fi babba saurin numfashi ga shi kullum yana manne da uwa a bakin murhu. Na san ruwa ne ke koro ki ciki, shi ya sa rumfa ko ta falle biyu na kwano ce a tsakar gida, buɗaɗɗiya ta gefe, ta fi miki duk wani gyara da za ki yi. In kicin ɗin a rufe yake a huda masa kafa ta sama kusa da rufi tunda hayaƙi sama yake tafiya, in da hali a sa bututu. Itace kuma a jera shi sama da ƙasa a rufe samansa ya bushe, jiƙaƙƙen itace wutar tana ɓata ƙarfinta ne wajen ƙafar da ruwan cikinsa shi ya sa yake turnuƙewa. Wanda ya samu halin komawa gas ko lantarki ya huta, fitilar kananzir ma a canza ta da ta sola.

Shi kuma baƙin da ke bango fumfuna ce, abu ne mai rai, ƙwayoyinta na yawo a iska ana shaƙa, kuma ba ta zama sai inda ruwa yake. Don haka ki bi sawun ruwan. Tunda ta ƙasan bango ne, ina zargin ruwan rufi ne ke zuba a gindin ginin yana kwanciya bangon na tsotsa, ki fita lokacin da ake ruwa ki duba da idonki. A sa indararo ya cilla ruwan nesa, a cike gindin bangon da ƙasa ta gangara waje, a haƙa 'yar magudana. A duba yoyo, a kuma lura kwanon da ba silin yana yin gumi da dare ya ɗiga ko ba a ruwa. Duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin kwana 1 zuwa 2, in ya wuce haka fumfuna ta kama. Gado da durowa a janye su daga bango kamar faɗin tafin hannu, katifa kar ta kwana kan siminti ko ƙasa kai tsaye, a ɗora ta kan katako, duk ranar da rana ta fito a fidda ta da filo su sha rana don akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zama cikinsu, ido ba ya gani, laima suke so, kuma suna cikin manyan masu tada asma. Shanya a ɗaki ki daina, duk ruwan kayan a iskar ɗakin yake ƙarewa, haka buhunan amfanin gona a nema musu wani wuri.

Wajen wanke bangon, ruwa da sabulu da buroshi sun isa, ki ɗaure hanci ki fidda yaran, kar a kankare shi a bushe ya tashi kamar ƙura. In za ki sa bilic ki tsarma shi da ruwa kuma kar ki kuskura ki haɗa shi da wani maganin wanki, iskar guba suke fitarwa. Fenti a kan fumfuna asarar kuɗi ne, za ta ɓullo.

Taga kuwa, rufe ta da kike yi shi ke tsare komai a ciki. A sa mata raga ta sauro, a riƙa buɗe taga da ƙofa tare iska ta shiga nan ta fita can, taga ɗaya ba ta jan iska sosai. Da hantsi zuwa la'asar in rana ta fito ne iskar waje ta fi bushewa, nan ne za ki wangale komai, da asuba ko ana cikin ruwa ki ɗan rage buɗewar. Sauro kuma gidan sauro mai magani ya fi koyil ɗin da ake kunnawa, shi ma hayaƙi ne yaran ke kwana suna shaƙa.

TAMBAYA: Anti ni in an yi ruwa ɗaki ya yi sanyi nakan shigo da garwashin gawayi ya busar da shi, janareto ma ina sa shi a soro kar ruwa ya taɓa. Da matsala?
Daga wani mai karatu

AMSA: Malam da babbar matsala, dan Allah daga yau a daina. Gawayi da janareto suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da kala, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum yana barci ya zarce. Ko gawayin ya daina hayaƙi tana nan tana fita. Janareto a yi masa 'yar rumfarsa a fili, nesa da taga da ƙofa kamar mita 6, bakin salansa na kallon waje. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, a fito da kowa waje nan take, a buɗe ƙofofi a wuce asibiti, a gaya wa likita abin da aka kunna.