Piyano da ogan a lokaci guda: hannu ɗaya, tarbiyya biyu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne ɗan shekara 19 a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Wata huɗu ke nan ina koyon piyano da wata Yamaha mai maɓalli 61 da yayana ya sayo mini daga Katsina. To ga shi dattijon da ke kaɗa mana ogan a majami'a ƙafa ta fara ba shi wahala, sai shugabannin mawaƙa suka ce in riƙa zama kusa da shi ina koyo. Ogan ɗin na lantarki ne, hawa biyu na maɓallan hannu, da maɓallan ƙafa. Wani abokina ya ce in na haɗa biyun zan yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko. Gaskiya ne? Ko in ajiye ɗaya?

Amsa: Ƙanena, kada ka ajiye ko ɗaya. Amma abokinka bai yi maganar banza ba, akwai inda ya hango, kuma wurin nan nake so mu tsaya a kai.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne fuska. Ka ga farare da baƙaƙen maɓallai a nan, ka gan su a can, sai ka ce ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A ciki kuwa ba su haɗa dangi ba. Piyano na ainihi, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, ƴar guduma ce ke dukan tsirkiya. Ka danna da ƙarfi ya yi ƙara, ka danna a hankali ya yi raɗa, kuma daga lokacin da sautin ya fito yake fara mutuwa, ko da ka bar yatsanka a kai har gobe. Ogan ya girme shi nesa, asalinsa tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu a Iskandariya ta Masar, kuma iska ce ke bi ta cikin bututu. Duk ƙarfin da ka sa, ƙarar ɗaya ce. Muddin yatsa na kai sauti na nan daram, ka ɗaga ya yanke kamar an sa wuƙa. Na lantarkin da ke majami'arku ba shi da bututu, amma wannan halin aka kwaikwaya aka sa masa.

Ka taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla? Ka saurari mai ganga da mai algaita. Mai ganga gwanintarsa tana wurin bugu: yadda gula ta sauka, shi ke nan, sauran na iska ne. Mai algaita kuwa, kumatu a kumbure, sautinsa ba ya yankewa sai ya ga dama, don haka gwanintarsa tana wurin sanin inda zai tsaya da inda zai haɗe. Piyano ɗan gidan ganga ne, ogan ɗan gidan algaita. A piyano kana koyon yadda ake sauke yatsa. A ogan kana koyon yadda ake ɗaga shi. In ka riƙe wannan, rabin ruɗanin ya tafi.

Bari in nuna maka yadda abin yake lalacewa. Akwai wata yarinya da na koyar, hannunta a piyano sai son barka. Ran da ta fara zama a ogan, waƙa mai sauƙi na ba ta, sai abin ya fito kamar kunu mai gudaji. Na sunkuya ina kallon hannun: babban yatsanta na dama yana kwance a kan do, ta riga ta wuce re, ta kai mi, shi bai tashi ba. A piyano wannan laifin ba ya fitowa sosai, don sautin do ya riga ya dusashe. Ogan ba ya rufa wa kowa asiri. A wani wurin kuma akasin haka take yi, tana ɗaga hannu gaba ɗaya tsakanin akor da akor (akor shi ne maɓallan da ake dannawa tare a lokaci guda), ƙafarta ta dama tana lalube a ƙasa tana neman fedar da ke riƙe sauti. Babu ita a ogan. Abin da feda take yi maka a piyano, a nan yatsunka ne za su yi shi da kansu.

Shi ya sa ɗan ogan yake koyon musanya yatsa: ka danna sol da yatsa na 4 (ana ƙirgawa daga babban yatsa), ba tare da ka saki ba ka zame na 3 ya karɓe shi, na 4 ya sami ƴancin zuwa la. Kamar yadda mata ke karɓar tulu daga kan juna ruwa bai zube ba. Ka gwada yau da dare. Sa muryar ogan a Yamaharka, rufe ido, kaɗa gam ɗin do, wato jerin do, re, mi har zuwa do na gaba, a hankali ƙwarai. Tsakanin kowane noti biyu ka tambayi kunnenka: akwai rami? Akwai inda biyu suka hau kan juna? Ba a son ko ɗaya.

Ɓarnar tana komawa ta ɗaya gefen ma. Wanda ya daɗe a ogan kawai, in ya dawo piyano sai ka ji komai a shimfiɗe, babu tudu babu gangare, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Yatsunsa sun manta cewa nauyin hannu magana ne.

Yanzu ga shawarata, kuma ra'ayina ne na mai koyarwa, wani malamin zai iya sassautawa ko ya tsananta. Wata huɗu kaɗan ne. Ka bar piyano ya zama uwa, nan da wata shida zuwa shekara: a nan za ka gina karatun noti, gam, akor, da rabuwar hannun dama da na hagu. In kana da minti 45 a rana, 30 na piyano ne. Sauran 15, ko ranakun da aka buɗe maka majami'a, na ogan ne, kuma a farko ƙafa kawai. Hannu a kan benci. Kada ka kaɗa waƙa ɗaya a kayan biyu a rana ɗaya. Ka ware wa kowanne nasa waƙoƙin, don hannu ya san gidan da ya shiga.

Maganar ƙafa ita ce inda piyano ba zai taimake ka da komai ba, shi ya sa nake so ka fara ta da wuri. Maɓallan ƙafa na cikakken ogan 30 ne ko 32, ana taka su da kan ƙafa da diddige. Zauna a tsakiyar benci, gwiwoyi a kusa da juna, motsin daga idon sawu yake fitowa, ba daga cinya ba, kamar tela a kan keken ɗinki. Kada ka kalli ƙasa. Na san za ka kalla, kowa yana kalla, amma ka yi yaƙi da shi: ka zura kan ƙafarka cikin gibin da ke tsakanin baƙaƙe biyu da baƙaƙe uku, daga nan ka gane inda kake. Silifa ba ta yi, tana zamewa tana taka biyu. Ka nemi takalmi rufaffe mai siririn tafi na fata da ɗan dunduniya, ka ajiye shi don wannan aikin kaɗai, kada ya taka yashin waje. A gida kuma, ka shimfiɗa kwali, ka auno faɗin maɓallan majami'a da igiya ka zana su a kai. Ƙannenka za su yi dariya. Bar su.

Wahalar gaske tana zuwa ran da za ka haɗa ƙafa da hannun hagu. A piyano hannun hagu ya saba shi ne mai muryar ƙasa. A ogan an ƙwace masa wannan sarautar an ba ƙafa: waƙar sujada mai murya huɗu, dama ta ɗauki biyun sama, hagu ta ɗauki ta uku, ƙafa ta ɗauki ta ƙasa. Sai ka ga hannun hagu yana bin ƙafa duk inda ta je kamar raƙumi da akala. Maganinsa ɗaya: hagu da ƙafa kawai, layi ɗaya, a hankali har ya ba ka haushi, kafin dama ta shigo. Takardar ogan ma jeri uku gare ta maimakon biyu na piyano, na ƙasan na ƙafa ne.

Lambobin da za ka gani a kan maɓallan zaɓen murya, 16, 8, 4, kada su tsorata ka. Tsawon bututu ne a ma'aunin ƙafa. Mai 8 yana ba da sautin yadda yake a rubuce, mai 4 ya hau zango ɗaya sama (zango shi ne daga do zuwa do na gaba), mai 16 ya sauka zango ɗaya ƙasa, shi ya sa ake yawan ba ƙafa shi. Fara da 8 da 4 a hannu, 16 da 8 a ƙasa. Kada ka buɗe duka don jama'a su san ka iso. Aikinka ka ɗauki mawaƙa, ba ka binne su ba.

Sai Yamaharka. Cikakken piyano maɓalli 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36, masu nauyi. Naka 61 ne marasa nauyi, wato a taɓawa ya fi kusa da ogan, don hawan ogan ma yawanci 61 ne. Ka duba ko yana da saitin da ke sa ƙara ta bi ƙarfin yatsa, in akwai ka kunna shi duk lokacin piyano. In babu, to gaskiya ba piyano kake koyo ba tukuna, kuma in Allah ya hore sai a nemi na lantarki mai maɓallai masu nauyi. Na katako da tsirkiya ban ba ka shawara ba: bushewar hunturu da zafin Afrilu a Maraɗi suna sassauta shi, ga neman mai gyaran sauti. Kuma ka kashe kiɗan nan da injin ke yi maka da yatsa ɗaya, da maɓallin da ke canza maka gam. Masu situdiyo da ke kiɗan fiyano na waƙoƙin Hausa suna cin abinci da su, ban raina ba, amma ga mai koyo guba ne mai zaƙi. Ko Mamman Sani, wanda kiɗansa na ogan ya daɗe yana fita a rediyo da talabijin na Nijar tun bayan kasetinsa na 1978, da wata ƴar ogan ta Italiya mai suna Orla ya yi abin da ya yi. Ba girman kaya ba ne.

Wani ƙaramin abu da ke rikita ƴan kan iyaka irinmu: littattafan da ke zuwa daga Najeriya da C, D, E suke kiran noti, na Faransanci kuwa do, re, mi. C shi ne do, G shi ne sol. Ka rubuta duka biyun a takarda ka manna a bango, sati biyu sun zauna.

Dattijon nan kuma, ka riƙe shi da hannu biyu tun yana iya hawa bencin. Ka roƙe shi wata Lahadi ya riƙe hannuwa, kai ka zauna a gefensa ka taka masa ƙafa a waƙa ɗaya da kowa ya sani. Ka lura da abin da yake yi a ƙarshen kowane baiti: yana ɗaga hannu na ɗan ƙiftawar ido, jama'a su ja numfashi, sannan ya sake shiga. Ka ƙirga tsawon wannan shirun a zuciyarka. In kun tashi, ku lulluɓe ogan ɗin da zane mai kauri saboda ƙura, kuma a zare shi daga soket kafin a rufe ƙofa, don dawowar kuran, wato wutar lantarki, da ƙarfi ta fi komai kashe irin waɗannan kayan.