Filin Tambaya: Jitar Baba da muka samu a sito

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya, ni ɗan Fagge ne, bayan rasuwar Babanmu muna gyaran sito muka samu tsohuwar jitarsa ta lantarki cikin akwatinta, an ce da ita yake kiɗa a Sabon Gari yana saurayi. An rubuta Gibson Les Paul a kanta, a baya akwai lamba 71249302. Wani mai sayar da kayan kiɗa ya taya dubu 150, dan Allah ta wace shekara ce, kuma in sayar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta. Tun kafin mu je ko'ina, kar ka sallama tukuna.

Lambar nan taka ta hau kan tsarin da kamfanin Gibson, masu ƙera jitar, suka fara a 1977, mai lamba takwas. Ka ɗauki ta farko da ta biyar ka haɗa, 7 da 9, wato 1979 kenan. Ukun dake tsakaninsu, 124, rana ta nawa ce a shekara, in ka ƙirga zata kai ka 4 ga watan Mayu. Ukun ƙarshe kuma, 302, a lokacin duk abinda bai kai 500 ba na masana'antarsu ta Kalamazoo ne a jihar Mishigan ta Amurka, daga 500 zuwa sama na ɗaya masana'antar tasu ta birnin Nashbil, ita Kalamazoo ɗin ma a 1984 suka rufe ta. Kaga in lambar gaskiya ce jitar ta haura shekara arba'in.

To amma fa lamba kaɗai bata isa shaida ba, masu yin jabu suma sun haddace tsarin nan tsaf, kuma jabun Gibson sun cika duniya. Don haka ka juya bayan kan jitar ka shafa da yatsa, ta asali lambar a nitse take cikin katakon, ƙasanta akwai tambarin MADE IN USA, kuma na waɗancan shekarun suna da ɗan ƙullutu daidai inda kai ya haɗu da wuya. A gaba akwai wani ɗan murfi mai siffar ƙararrawa, sukuru biyu ke riƙe shi, in ka ga uku to da sake.

Shaidar da ni na fi yarda da ita tana ciki, ka samu sukundireba ka buɗe murfin roba na bayan jikin a hankali, zaka ga gwangwanaye huɗu na maɓallan ƙara da rage murya da na daidaita sauti, a jikinsu akwai lambobi, yawanci suna farawa da 137 wanda shi ne lambar kamfanin CTS mai ƙera gwangwanayen, sai biyu na shekara biyu na sati, misali 1377902 sati na biyu na 1979 kenan. In sun nuna 78 ko farkon 79 magana ta daidaita, tunda kayan ciki dole su riga jitar zuwa duniya. In sun nuna wata shekara can gaba, ƙila wani mai gyara ne ya canza su, hakan na rage kuɗi amma baya maida ita jabu.

Abinda yafi ɓata min rai shi ne in ga an kai irin wannan kaya wajen mai fenti wai a sabunta, wallahi ana goge fentin asali rabin darajar ta tafi. Kar a goge komai, ƙyalle busasshe ya isa, ka ɗan sassauta tsirkiyoyin ka maida ita akwatinta saboda iskar hunturun Kano tana busar da katako har ya tsage.

Maganar dubu 150 kuwa, in ta asali ce wannan tayin ko kusa bai yi ba, irinta a waje da dubban daloli ake cinikinta. Sannan kayan gado ne, ka sanar da Hajiya da sauran magada kafin ayi kowane ciniki. Ka ɗauko hoton bayan kan da na gwangwanayen nan da rana ka turo mana mu duba tare.